Zazzaɓin bayan allura: me ke faruwa a jikin jariri idan an yi masa rigakafi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari yana da sati 7. Makon jiya na kai shi allurar sati 6, aka yi masa a cinyoyi, aka ɗiga masa wani a baki. Lafiya lau na fita da shi, amma da dare jikinsa ya yi zafi, ya kwana yana kuka, cinyarsa ta ɗan kumbura. Sai da ya kwana biyu ya dawo daidai. Surukata ta ce ba a sake kai mata jika inda za a zuba masa cuta, ita ta haifi 9 ba a yi wa ko ɗaya ba. Ni ma na ji an ce ƙwayar cutar ce da kanta a cikin allurar. Gaskiya ne? In haka ne, ta yaya cuta za ta hana cuta? Kuma me ya sa sai an koma har sau uku, ga shi nono zalla yake sha?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko cuta ce a cikin kwalbar, yadda za a yi ta zama kariya, da dalilin komawa bayan an yi ta farko. Amma na san abin da ya sa kika rubuto shi ne daren nan da kika kwana kina rarrashi, don haka da shi zan fara. Na daɗe ina duba yara, kuma da wuya a yi ranar allurar sati 6 washegari wata uwa ba ta dawo da irin labarinki ba: zafin jiki, rigima, cinya ta yi tauri inda allura ta shiga, kwana ɗaya ko biyu abin ya wuce. Jikin yaron ne ya ga baƙon abu ya tashi tsaye, kuma wannan tashin shi ake nema tun farko. Ba na son ki karɓa don kawai likita ya faɗa, tunda ke za ki durƙusa gaban Hajiya ki yi bayani. Bari mu bi abin daki-daki.

Yadda jiki ke tsaron kansa

Kalmar rigakafi da kanta ta riga ta yi rabin bayanin. A riga a kafe. Mutanen da ba sa jira sai mahara sun iso bakin gari sannan su fara neman itacen kafi, tun ana zaman lafiya ake kewaye gari. Jikin ɗan Adam ma haka Allah ya gina shi. Fata ita ce ganuwa. Hanci, baki da ido su ne ƙofofi, kuma kowace ƙofa da mai gadinta: majina tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, hawaye da yawu suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da wasu, ruwan tsamin ciki yana kashe mafi yawan abin da muka haɗiya.

Abin da ya tsallake waɗannan sai ya haɗu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira garkuwar jiki. Rukuni biyu ne. Na farko kamar 'yan sintirin unguwa suke: ba ruwansu da sunanka ko garinku, in dai ba su san ka ba sai su far maka su haɗiye. Cikin 'yan awoyi suke isa wurin. Suna isa sai su saki wasu sinadarai da ke buɗa ƙananan hanyoyin jini don 'yan'uwansu su samu wucewa, shi ya sa wurin yake ja, ya kumbura, ya yi zafi. Wani ɓangare na sinadaran yana bin jini har ƙwaƙwalwa, ya ce mata ta ɗaga zafin jiki. Zazzaɓi ke nan. Mugunyar da kike gani a maruru ma yawancinta gawarwakin waɗannan 'yan sintiri ne da abin da suka kashe. To cinyar ɗanki da zafin jikinsa aikinsu ne.

Sai dai 'yan sintiri ba sa riƙe fuskar ɓarawo. Gobe in ya dawo kamar ba su taɓa ganinsa ba. Riƙe fuska aikin rukuni na biyu ne, kuma a nan rigakafi yake da aiki.

Kin san kaluluwa. Mutum ya ji ciwo a ƙafa, sai matsematsinsa ya yi ƙulli, ko ciwon maƙogwaro ya sa wuya ya fito da 'yan ƙulle-ƙulle. Waɗannan wuraren su ne majalisar garkuwar jiki. Daga cikin ƙwayoyin da suka yi faɗa a bakin ciwo, wasu sukan gutsuri wani yanki na jikin ƙwayar cutar su ɗauke shi zuwa kaluluwa mafi kusa, su riƙa nuna shi. A can akwai ƙwayoyi iri biyu da masana suka sa wa suna B da T. Miliyoyin iri ne, kuma kowane iri siffa ɗaya tak ya sani, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Ana ta zagayawa da gutsuren nan har a dace da wanda ya yi daidai da shi. Da an dace, sai wannan ƙwaya ta fara hayayyafa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai. Cikowarsu ce ke sa kaluluwa ta kumbura.

Ƙwayoyin B su ne maƙera. Suna ƙera wani makami da ake kira antibodi, su zuba shi cikin jini. Antibodi yana manne wa ƙwayar cutar da aka ƙera shi dominta kaɗai, ya toshe mata hanyar shiga naman jiki, ya kuma shafa mata alama don 'yan sintiri su gane ta da sauri. Ƙwayoyin T kuwa wasunsu ba da umarni suke, in babu su maƙeran ba sa yin aiki mai kyau, wasunsu kuma su ke bin ƙwayoyin jikinmu da cuta ta riga ta ɓuya a cikinsu su kashe.

Aiki ne mai kyau, amma yana da aibi ɗaya, kuma in kin riƙe wannan kin riƙe amsar gaba ɗaya: yana cin lokaci. Daga ranar da jiki ya fara ganin baƙuwar cuta zuwa ranar da antibodi zai wadata, sati ɗaya ne zuwa biyu. Ita kuwa cuta ba ta jira. Sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Na sha karɓar yaron da aka ce da safe yana wasa, kafin la'asar wuyansa ya sandare. Garkuwar jikinsa ba lalacewa ta yi ba, ta fara aiki, cutar ce ta riga ta isa.

Jiki ba ya mantuwa

Idan mutum ya tsira, yawancin rundunar da aka tara sai ta mutu tunda yaƙi ya ƙare. Amma wasu ƙwayoyin B da T suna saura, masu riƙe da siffar wannan cuta. Wasu maƙeran kuma sukan koma cikin ɓargo su zauna, suna ɗiga antibodi cikin jini shekara da shekaru. Ranar da cutar ta dawo, babu sauran zagaye da gutsure ana neman wanda ya san ta. Cikin 'yan kwanaki an gama da ita, sau da yawa ma mutum bai san ta shigo ba.

Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin zuwan asibiti: yaron da ya yi ƙyanda ya tashi, ba ya sake yi. Akwai wani misali da nake son ba ɗalibaina. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, wasu keɓaɓɓun tsibirai a arewacin Turai, bayan shekara 65 ba a gan ta a can ba, tun 1781. Ta kwantar da kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen wurin, babba da yaro. Wani matashin likita daga Denmak mai suna Peter Panum da aka tura ya bi gida-gida, ya tarar tsofaffin da suka yi ta suna yara a 1781 ko ɗaya ba ta sake kamawa ba. Shekara 65 jikinsu yana riƙe da ita.

Tambayar da masu rigakafi suka yi wa kansu ita ce: za a iya samun wannan riƙon ba tare da an biya kuɗinsa ba? Domin kuɗin ƙyanda yana da tsada. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara a watannin zafi, Maris da Afrilu, ya ga idanun da suka tsiyaye, ya ga nimoniyar da ke biyo baya, ya ga yaron da ya warke amma ya rame ya ƙi tashi. Bincike ma ya nuna ƙyanda tana share wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta haddace game da wasu cututtukan, shi ya sa yaro yakan yi ta laulayi watanni bayan ta.

Abin da ke cikin kwalbar

Amsar tambayarki ta farko ita ce, wani wurin e, wani wurin a'a. Ya danganta da wace allura.

Wadda ta sa ɗanki zazzaɓi kusan tabbas ita ce penta, wadda aka fara bayarwa a Najeriya a 2012. Cuta 5 take karewa: mashaƙo, tetanus mai sarƙe haƙora, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya mai suna Hib da ke sa jarirai sanƙarau da nimoniya. Babu abu mai rai ko ɗaya a cikinta. Na tarin shiƙa ƙwayar ce sukutum amma kasasshiya, kuma da yake jikinta gaba ɗaya ne, ita ta fi tayar da 'yan sintiri, ita ce uwar zazzaɓin. Na ciwon hanta guntun fatar ƙwayar ne kawai, a cikin yis ake ƙera shi, irin dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Mashaƙo da tetanus kuwa ba ƙwayar ce ke kisa ba, dafin da take fitarwa ne, don haka dafin ake ɗauka a kashe masa kaifi, siffarsa ta saura. Jiki ya ƙera antibodi a kan siffar, ranar da dafin gaske ya shigo a kama shi kafin ya isa jijiya ko zuciya. Mataccen abu ba ya hayayyafa, ba shi da hanyar zama cuta.

Na Hib, na nimoniya da na sanƙarau akwai wata dabara a cikinsu da take burge ni har yau. Waɗannan ƙwayoyin suna lulluɓe kansu da wata riga mai kama da sukari, kuma garkuwar yaron da bai kai shekara 2 ba ba ta iya riƙe siffar sukari. Sai masana suka ɗinka guntun rigar a jikin wani furotin da ƙwayoyin T suke ganewa, ta haka aka jawo masu ba da umarni cikin aikin. Da wannan dabara aka yi allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ya san abin da nau'in A na wannan cuta yake yi. Bayan allurar nan nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankinmu. Sauran nau'o'in suna nan, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5.

A cikin irin waɗannan alluran ana ƙara ɗan gishirin alminiyam kaɗan, wanda aka fi shekara 80 ana amfani da shi. Aikinsa ya daɗa jawo hankalin 'yan sintiri zuwa wurin, don kada su raina abin da aka kawo. Yana cikin abin da ke sa cinya ta yi ɗan ƙulli na 'yan kwanaki, wani lokaci makonni.

Akwai kuma masu rai: BCG ta tarin fuka da aka yi masa a hannu bayan haihuwa, ɗigon shan inna, ɗigon rota na gudawa, allurar ƙyanda da ta shawara. Waɗannan an raunana su ne a ɗakin bincike har suka rasa ƙarfin sa cuta ga yaro mai lafiya. Suna ɗan hayayyafa kaɗan, abin da zai ishi jiki ya koya. Shi ya sa zazzaɓin allurar ƙyanda ba a daren yake zuwa ba, sai bayan kamar sati ɗaya zuwa kwana 12, wani lokaci da 'yan ƙuraje, kuma ba ya yaɗuwa ga sauran yara. Shi ya sa kuma wurin BCG yake yin ƙurji bayan wasu makonni, ya fashe, ya warke ya bar lamba. Kada ki matse shi, kada ki shafa masa komai.

Dalilin komawa, da maganar nono

Yaron makarantar allo da aka biya wa karatu sau ɗaya ya ji, amma bai haddace ba. Sai ya maimaita, ya yi tishi, sannan ya zauna. Allurar sati 6 biyawar farko ce. Antibodin da take samarwa kaɗan ne kuma riƙonsa sako-sako ne. A ta sati 10 da ta sati 14, ƙwayoyin B da suka saura suna sake taruwa a kaluluwa, kuma a can ake tace su: waɗanda makaminsu ya fi kama ƙwayar da kyau su ake bari su hayayyafa. Don haka kowace komawa tana ƙara yawan antibodi, tana kuma ƙara masa kaifi. Tazarar sati 4 da ake bari lokacin wannan tacewar ne. Yaron da aka tsaya masa a ta farko ya sha zafin allura, ya yi zazzaɓin, amma kariyar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba. Wannan shi ya fi ci mini rai a aikina, yawan katunan da nake gani an cike layin farko sauran babu komai.

Nono kuwa ki riƙe shi da kyau, zalla har wata 6. Yana ɗauke da antibodin da ke shafe hanjin jariri ya rage masa gudawa da ciwon ƙirji. Tun yana ciki ma, a watannin ƙarshe, kin ba shi naki antibodin ta mabiyiya. Amma duk wannan aro ne. Jikinsa bai ƙera ba, bai haddace komai ba, kuma na mabiyiyar yana raguwa wata bayan wata. Tarin shiƙa ya fi kisa a watannin farko na rayuwa, shi ya sa ake gaggawar farawa a sati 6. Ita kuwa ƙyanda ana jinkirta ta zuwa wata 9 ne saboda antibodinki da ke jikinsa zai iya kashe allurar kafin ta koya masa komai. Ko a wata 9 ɗin, kimanin yara 85 cikin 100 ne take kamawa, shi ya sa aka sa ta biyu a wata 15, wadda iyaye da yawa ba su ma san da ita ba.

Tetanus ya cancanci a ware shi. A ƙasa da kashin dabbobi ƙwayarsa take, ba daga mutum ake ɗauka ba, don haka ko duk garin an yi musu allura ba zai kare wanda ba a yi wa ba. Wanda ya yi cutar ya tashi ma ba ya samun kariya daga gare ta. Jariri yana kamuwa ne ta cibiya, in an yanke da reza mara tsafta ko an shafa mata toka ko wani haɗi. Wajen kwana 7 sai ya kasa kama nono, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya riƙa sandarewa da ɗan motsi ko ƙara. Allurar da aka yi miki wajen awon ciki ita ta tsare shi a waɗannan kwanakin.

Maganar Hajiya

Kada ki yi musu da ita. Tsoronta na ƙauna ne, kuma ba ƙarya ta yi ba, yara da yawa sun tashi babu allura. Amma in kin samu natsuwarta, ki tambaye ta a hankali yara nawa ƙyanda ta ɗauka a unguwarsu lokacin da take goyo, kuma yaushe rabonta da ganin mai zanen agana a fuska. In ta haura shekara 55, ki duba damtsenta, mai yiwuwa akwai lamba.

Agana tana kashe kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama. Dabarar tsaga fata a shafa ruwan ƙurjin mai agana don a yi cutar da sauƙi tsohuwa ce a Afirka da Asiya. Wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ya bayyana ta ga ubangidansa a Boston ta Amurka, aka gwada a annobar 1721: cikin waɗanda cutar ta kama da kanta kimanin 14 cikin 100 suka mutu, cikin waɗanda aka tsaga wa kimanin 2. A 1796 Edward Jenner a Ingila ya nuna cewa ƙurjin shanu, wanda ba ya kisa, yana ba da kariya iri ɗaya. Dabarar kewaye mai cutar a yi wa duk na kusa da shi lamba, wadda da ita aka ƙarasa agana a duniya, a gabashin Najeriya William Foege da abokan aikinsa suka fara gwada ta a ƙarshen 1966. Zuwa 1970 an daina ganin agana a ƙasar nan, mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari a Somaliya yake a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an gama da ita. Shi ya sa ba a yi wa ɗanki wannan ba.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in an tsaya. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Sai a 2016 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama, a Borno, aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a watan Agusta 2020. Mashaƙo kuwa, wanda da yawanmu a littafi kawai muka san shi, ya dawo a ƙarshen 2022, Kano ta fi shan wahala, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala penta ba ko ba a fara musu ba. Ganin yaro yana kokawar numfashi, farar fata ta rufe masa maƙogwaro, alhali allurar kyauta ce, abu ne da ba na fatan sake gani.

Yawan waɗanda aka yi wa allura a unguwa shi ke tsare jaririn da bai kai wata 9 ba, domin cuta tana buƙatar jikin da za ta taka ta wuce. Mai ƙyanda ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a inda babu kariya, shi ya sa sai an kai kusan 95 cikin 100 kafin ta rasa hanya.

Inda rigakafi ya tsaya

Babu allurar da ke kare kowa ɗari bisa ɗari. BCG tana hana munanan nau'o'in tarin fuka a yara, irin mai hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta da ƙarfi sosai a kan tarin manya. Ɗigon rota nau'in gudawa ɗaya yake ragewa, ba zai maye gurbin ruwa mai tsafta ba. Ɗigon shan inna, da yake mai rai ne kuma yana fita ta bayan gida, a unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba yakan daɗe yana yawo daga ciki zuwa ciki har ya dawo da ƙarfinsa ya shanye ƙafa. Wannan yana faruwa a Arewa har yanzu, kuma shi ya sa aka ƙara ta allura mai matacciyar ƙwaya a kan ɗigon. Allura kuma tana lalacewa in ba a adana ta tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba: zafi yana kashe ɗigon shan inna, daskarewa tana ɓata penta. A jikin kwalbar akwai ɗan murabba'i cikin da'ira, in ya yi duhu kamar da'irar an zubar da ita. Kina da damar ki ce a nuna miki. Ta ƙyanda da BCG in an haɗa su awa 6 kawai suke yi, shi ya sa wasu asibitocin suke ware musu rana.

Mummunar ƙyamar jiki ga allura, mai kumbura fuska da toshe numfashi, tana faruwa, kimanin sau ɗaya cikin miliyan, kuma cikin mintunan farko. Don haka ki zauna a asibitin minti 15 zuwa 30 kafin ki tafi, akwai allurar da ke warware ta nan take. Yaron da ya taɓa yin haka, ko mai ciwon da ya karya garkuwar jiki, likita ne zai tsara masa. Mura ko ɗan tari ba sa hana allura.

Ban ga ɗanki da idona ba, da bayaninki nake aiki, kuma abin da kika faɗa bai wuce na yau da kullum ba. A ta gaba, in jikinsa ya yi zafi, ki rage masa kaya, ki yawaita ba shi nono, ki ɗora tsumma mai tsafta da ruwa mai ɗan sanyi a cinyar. Ban da gasawa da ruwan zafi, ban da murzawa ko shafa man zafi. Farasitamol na yara ki bar ma'aikaciyar ta auna miki gwargwadon nauyinsa. Amma in ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya yi sauri, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya yi kuka mai tsanani awa 3 ba tsayawa, ko zazzaɓin ya wuce kwana 2, kada ki ce ai allura ce. Ki kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, domin zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka ba sa fasa zuwa don an yi allura jiya.

Ranar sati 10 tana rubuce a katinsa. In wani uzuri ya sa kin makara, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ki fara zama da maigidanki ki yi masa wannan bayanin, shi zai fi sanin ta inda zai shiga wa mahaifiyarsa. In Hajiya za ta yarda ta raka ku ranar, ku je da ita, ta riƙe jikanta da hannunta, ta yi wa ma'aikaciyar duk tambayar da ke ranta.